Ranar Da Na Kashe Dokta

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Alhamis a Yelwa ba, ko da kuwa na so in manta, domin mutanen garin ba za su bar ni ba. Na yi aure, na hayayyafa, na aurar da jikoki, haƙorana na gaba ma sun yi sallama da ni, amma har gobe in na shiga gidan suna sai wata tsohuwa ta zunguri ta kusa da ita ta ce, "Ga Ta-kashe-Dokta nan ta iso." Yaran yanzu suna tsammani sunan kakanni ne. Ba na kakanni ba ne, ni na jawo wa kaina shi da rana tsaka, a gaban mata kusan arba'in.

Kafin wannan suna ina da wani, wanda na fi so nesa ba kusa ba: 'Yar Indiya. Ga yadda na same shi. A Kaduna na yi firamare, a hannun kawuna ma'aikacin jirgin ƙasa, kuma gidansa katanga ɗaya ce ta raba shi da gidan silima, irin na da ɗin nan marar rufi. Ɗiya mace ba ta shiga silima a wancan zamani sai in ta shirya rabuwa da mutuncinta, amma babu wanda ya taɓa kafa doka a kan rufin kicin. In an yi sallar magariba sai in taka tsohuwar durom in haye, in kwanta rub da ciki, in yi ta kallon Indiyawa ta gefe guda, baƙi da fari, ba na jin ko kalma ɗaya ta yarensu. Abin da ban gane ba sai in cike da kaina. (Kuma kai nawa, Allah ya sani, bai taɓa rasa abin cikewa ba.)

Da na dawo Yelwa wurin Inna sai na zama malama. 'Yan mata su kewaye ni a tsakar gida, in ba su labarin yadda Indiyawa ke soyayya, yadda suke gaisuwa, yadda suke kuka. In an yi mini gardama sai in ce, "Ke kin gani ko ni na gani?" Shi ke nan an rufe baki.

Lokacin ana cikin aikin madatsar ruwa ta Kainji, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ko'ina ka juya zancen ke nan: ruwa zai taso, za a tashi mutanen gungu daga tsibiransu, an gina musu gidajen siminti a tudu. Ni kuwa ina aiki a asibitin garin, wankin kwalabe da shara da riƙe hannun mata in za a yi musu allura, da ɗan tafinta, tunda ina da Turancin aji bakwai. Burina ɗaya ne a duniya, in shiga makarantar unguwarzoma. Ba a shiga sai da takardar likita mai shaida hankalinka da natsuwarka. Inna kuma ta riga ta yanka mini wa'adi: in damina ta wuce ban samu ba, in ajiye farar riga in zo in kama mata suyar kifi a bakin kasuwa. Ba na raina sana'ar da ta ciyar da ni, amma na tsani ƙarnin kifi kamar me.

Likitan da takardar ke hannunsa kuwa Ba'indiye ne. Ranar da aka ce an kawo mana likita daga Indiya ban yi barcin kirki ba don murna. Da na gan shi sai murnata ta koma ciki: gajere, mai sanƙo, da tabarau kamar gindin kwalba, ba ya cin nama, ba ya dariya, ban taɓa jin ko gunaguni na waƙa ya fita daga bakinsa ba. Dokta kawai muke ce masa. Sau biyu ina yi masa maganar takarda, yana cewa, "Zan duba halinki tukuna."

Sai ya tafi hutu ƙasarsu ya dawo da amarya. Sunanta Kamala. Ita kam Indiya ce sak irin ta rufin kicin: siririya, gashi har bayan gwiwa, awarwaron gilas cike da hannayenta biyu, da jan ɗigo a goshi, da jar hoda a tsagar gashinta. Kwana goma da isowarsu aka tura Dokta zagayen gungaye cikin jirgin ruwa mai inji, ya yi wa mutane lamba, wato rigakafin agana, kafin a kwashe su. Ya bar ta ita kaɗai a gidan ma'aikata da ke kan tudu, tana zaune a baranda tana kallon kogi daga safe har yamma. Ba mai shiga, ba mai fita, sai tsohon kukunsu.

Zan so in ce tausayi ne kaɗai ya motsa ni. Akwai tausayin, wallahi akwai. Amma akwai takarda, akwai kuma son a san cewa 'Yar Indiya ba a banza ta ci sunanta ba. Na ce a raina, yarinyar nan an rabo ta da danginta, ba wanda ya yi mata bikin tarba. Ni zan yi mata, kuma irin na garinsu, Dokta ya dawo ya tarar, ya ga hali.

Na kuwa san bikin, don na gan shi da idona. A wani fim ne da na fi so. Saurayi da budurwa sun sha waƙa a cikin itatuwa, iyaye sun yi ta gardama, daga baya sun shirya an rungumi juna. Daidai nan matar kawu ta ƙwala mini kira in zo in wanke tukwane. Na sauko, na wanke su sama-sama, na koma. Ina hawa na tarar mata sun cika ɗaki sun kewaye yarinyar suna kuka. Wata tsohuwa ta kama hannunta ta farfasa awarwaron da dutse, wata ta goge mata ɗigon goshi, aka warware mata gashi, aka naɗa mata farin zane fes, aka rataya furanni a jikin hoton saurayin. Na ce, af, ashe su ma kamar mu ne, wankan amarya ke nan. An cire mata kayan 'yanmatanci, an sa mata na gidan miji, ana kukan rabuwa, an kuma karrama ango da fure. Ban ga ƙarshen fim ɗin ba, ruwan sama ya sauko aka watse. (Tukwane uku ne da murfi. Da na bar su sun kwana da datti na sha duka, da ya fi mini sauƙi.)

Na tara matan unguwa na yi musu bayani. Na samu Gwaggo Hassu, wadda duk amaryar unguwarmu ita ke yi mata wanka, mai guɗar da ake ji har hayin kogi. Na samu Tani, wata Bagungiya mai kawo albasa kasuwa, ƙatuwar mace mai damtse kamar na maza, ita ta yi alkawarin gayyato matan gungunsu. Aka sayo farin alawayyo yadi shida.

Inna ta ɗaga yadin ta juya shi, ta dube ni.

"Ke ɗiyar nan, wanga ai likkafani na. Wace amarya aka sa ma wanga?"

"Inna, a Indiya fari shi ne na amare."

"Kin tabbata?"

"Ke kin gani ko ni na gani?"

Uwata ce fa na faɗa wa haka. Ta ajiye yadin ta ce Allah ya sa alheri, amma ita ba ta zuwa, tana da kifi a wuta.

Ranar Litinin ya kamata Dokta ya dawo. Litinin ta wuce, Talata ta wuce, Laraba ta wuce, shiru. Ruwa kuwa ya cika yana ta ƙugi, har an yi ta zancen wani jirgi da ya kife a wajen duwatsu, ba a san ko na su wa ba ne. Na leƙa gidan ranar Laraba, kuku ya ce mini uwargida kwana biyu ba ta ci komai ba. Na yi murmushi irin na masana na ce masa kada ya damu, haka Indiyawa suke in suna begen masoyi.

Alhamis da hantsi wani mai jirgin albasa ya shigo asibiti da 'yar takarda a ninke. Ya ce Dokta ne ya ba shi. Injin jirginsu ne ya lalace a wani gungu, an samu an gyara, suna tafe da la'asar, a kai wa matarsa takardar nan maza-maza. Malamin asibiti ya miƙo mini ya ce, "Yi gudu." Na buɗe na leƙa, rubutun garinsu ne mai kama da shanya a kan igiya. Sai na yi tunani, in na kai mata yanzu, ina armashin abin? Bari a gama yi mata ado tukuna, sannan in miƙa mata, daɗi kan daɗi. Na ƙulle takardar a bakin zanena, na ruga tara mata.

A hanya na ba su doka. Ba guɗa, ba kiɗa, ba dariya. Indiyawa kuka suke yi, kuma mai yawa.

"To ni da mi za ni kuka, ba a yi mani komi ba?" in ji Gwaggo Hassu.

Tani ta kwance ƙullinta ta rarraba mana albasa, irin ƙananan nan na gungu masu yaji. Kowa ta fasa ta murza a gefen mayafi. Haka muka hau tudun nan a jere bayan azahar, mu kusan arba'in, ido jawur, ni a gaba da farin yadi a ka da sarƙar furannin da na tsinko a lambun gidan jojin garinmu.

Kuku ya tafi kasuwa. Kamala na baranda inda ta saba. Da ta hango mu sai ta miƙe tsaye ta dafa ginshiƙi. Ban ce mata komai ba, don a fim ɗin ba wanda ya yi magana. Na wuce ta na shiga falo, na sami hoton Dokta a bango, wanda ya ɗauka da baƙar rigar gama makaranta, na taka kujera na rataya masa furannin. Da na juyo tana bakin ƙofa, ta toshe bakinta da hannu biyu. Na ce a raina, ta gane, abin ya taɓa ta.

Muka zaunar da ita a tabarma muka kewaye ta. Kukan ya fara da ƙyar, wannan ta ja majina, waccan ta yi ɗan gunji tana satar kallona ko ta yi daidai. Can sai wata tsohuwa daga cikin matan gungu ta fara ambaton sunan tsibirinsu, da kabarin uwarta da ruwa zai rufe, da tsamiyar ƙofar gidansu. Kafin ka ce me, kuka ya zama na gaske. Matan nan wata guda ya rage a kwashe su, kuma ba wanda ya taɓa ba su wuri ya ce su zauna su yi kuka sai ni. Ɗakin ya ɗauka har kwanon rufi yana amsawa. Ni kaina na ce kai, ko a Kaduna ban ga wanda ya kai wannan kyau ba.

Kamala ta kama hannuna ta matse. Muryarta can ƙasa ta ce, "Dokta?"

Hawayen albasa ya cika mini ido. Na ɗaga hannu na nuna mata kogi, ina nufin yana can yana tafe, na gyaɗa kai a hankali kamar yadda tsohuwar fim ta yi.

Ba ta yi ihu ba. Jikinta ne ya saki gaba ɗaya. Na ɗauki ɗan dutsen da na zo da shi na kama hannunta na dama na fara fasa awarwaron, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Gwaggo Hassu ta jiƙa tsumma ta goge ɗigon goshin da jar hodar, tana cewa, "Yi haƙuri ɗiyata, kowace mace da haka tas saba." Muka warware gashin, muka naɗa mata alawayyo a kan kayanta. Na hagun ma ba ta jira ni ba, da kanta ta maka hannun a bango, gilas ya watse, jini ya fito a wuyan hannunta. Na juya na kalli matan da alfahari, wato kun gani ko, ita ma ta san abin.

Sai ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da almakashi. Ta tattara gashin nan da ya kai bayan gwiwa ta kama shi a ƙeya ta fara datsa. Wannan kam babu shi a fim ɗina. Amma na daure na ce wa Gwaggo Hassu, "Wasu garuruwan haka suke yi." Gashin ya zube a tabarma kamar an yar da baƙin zane. Kukan matan ya fara raguwa, suna kallon juna.

"Anya, 'Yar Indiya?" in ji Tani.

Kafin in ba ta amsa Kamala ta fita. Ba takalmi, ba waiwaye, ta miƙi hanyar gangare zuwa bakin ruwa. Na ce, "Taryen ango za ta, ku taso." Muka bi ta a baya ɗuu. Masu wanki suka miƙe, masunta suka ajiye komarsu suna kallo, mata masu shanya kifi suka bi sahu. Ta isa bakin ruwa ba ta tsaya ba. Ruwa ya kai idon sawu, ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, farin yadin ya taso yana yawo a bayanta. Ina tsaye baki buɗe, ina ta laluben wurin da aka yi haka a fim, ban samu ba. A nan ne na san cewa ban san komai ba, kuma sanin ya zo mini a makare, don ƙafafuna sun ƙi motsi.

Tani ce ta yar da mayafi ta faɗa. Allah ya yi wa matar nan albarka a inda take kwance. Ruwa ya riga ya fara jan yarinyar, ta cafko ta ta yadin, ta saɓo ta a kafaɗa kamar buhun albasa ta dire ta a kan yashi. Kamala tana tari tana fizge-fizge tana son komawa, mata huɗu suka danne ta. Ni kuwa na kasa ko matsawa kusa.

Muna cikin haka muka ji fat-fat-fat ɗin inji daga kwanar kogi. Jirgin gwamnati ne, ga Dokta a tsaye a gaba da hular rana da jakarsa, ya yi baƙi ya rame amma lafiyarsa lau. Jirgin bai gama tsayawa ba ya diro cikin ruwa da takalmansa. Ya kutsa cikin taron ya tsaya a kan matarsa. Ya kalli farin yadin, ya kalli goshin, ya kalli hannayen, ya kalli kan. Wallahi na ga mutumin nan ya ɗaga hannu ya shafa ƙirjinsa, kamar mai son tabbatarwa yana nan.

Kamala ta buɗe ido ta gan shi. Ƙarar da ta yi har yau in na tuna sai na ji ta a cikin haƙorana. Ta rarrafa ta kama ƙafafunsa tana taɓa su tana taɓa fuskarta, tana magana da yarensu ba numfashi.

Dokta ya juyo ga taron, da 'yar Hausarsa ta asibiti ya ce, "Wane ne ya mutu?"

Gwaggo Hassu ta gyara mayafi. "Ba wanda yam mutu, Dokta. Biki na munka yi ma amarya, irin na garinku."

"Wane ne ya ce haka garinmu?"

Ban taɓa ganin yatsu arba'in sun yi ittifaƙi a kan abu ɗaya da sauri haka ba.

Ya kira ni da hannu. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce da Turanci, "Ke ce tafinta. Ki faɗa musu abin da zan ce, kada ki rage komai." Haka na tsaya a bakin kogin Kwara, gaban masunta da 'yan kasuwa da matan unguwarmu, ina fassara wa jama'a wautata da bakina, jimla bayan jimla.

"Ya ce a garinsu amarya ja take sawa." Matan suka dubi farin yadin. "Ya ce jan ɗigon nan da hodar da awarwaron su ne shaidar mijin mace yana da rai. Ya ce ba a fasa su, ba a goge su, ba a sa wa mace fari, sai ranar da mijinta ya mutu." Wata ta ce innalillahi. Kamala ta faɗa masa wani abu tana kuka, ya rufe ido ya buɗe. "Ya ce... ya ce hoton mamaci kaɗai ake rataya wa fure."

"Auzubillahi," in ji Gwaggo Hassu, tana goge hannunta a zane. "Takaba munka sa ma ɗiyar mutane? Da hannuna?"

Na ɗauka an gama. Sai Dokta ya ce, "Na aiko da takarda da safe. Ba ta iso ba?"

Da ƙasa tana tsagewa don kunya, da ta tsage a ranar. Na sunkuya na fara kwance bakin zanena, ƙullin kuma ya ƙi kwantuwa, sai da na sa haƙori, kowa yana kallo. Na miƙa masa. Ya karɓa ya duba, ya miƙa wa matarsa, ya ɗauke ta suka hau tudu. Bai sake kallona ba.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Inna tana juya kifi a kasko, ba ta ɗago ba. Na tsaya ina jiran faɗa. Sai ta matsa gefe ta miƙo mini matsami ta ce, "Ke kin gani ko ni na gani? Juya wancan, yana ƙonewa."

Ban koma asibiti ba, ba wanda ya kore ni, ƙafata ce ta ƙi. Sati uku ina suyar kifi, kaina a ƙasa. Masu saye su zo su ce, "Ta-kashe-Dokta, ba ni na sisi." Wannan bai dame ni ba kamar abin da nake gani in na rufe ido, wato farin yadin nan yana yawo a kan ruwa. Da Tani ba ta zo ba fa? Da ta tsaya ɗaure zane? Na rame har Inna ta daina yi mini gatse.

Ranar nan sai ga kuku, wai uwargida tana kirana, kuma in taho da tsohuwar da ta goge mata goshi. Gwaggo Hassu ta ce ba inda za ta, sai da na yi mata kuka, na gaske wannan karon.

Muka tarar da Kamala a baranda, ta yafa jan mayafi a kan guntun gashinta, ɗigon ya koma goshi, sababbin awarwaro biyu kacal a kowane hannu. Na zube ina ba da haƙuri, Turancin ya watse ya bar ni. Ta bari na gama, sannan ta tambaye ni a ina na ga abin da na yi. Na faɗa mata komai, har durom da tukwane. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, ta yi ta har ta koma kukan.

Da ta natsu sai ta ba mu labarin yayarta. Tana da shekara goma sha tara mijinta ya rasu. A gaban Kamala aka yi mata duk abin da muka yi, har da aske kai. Tun daga ranar fari take sawa, sau ɗaya take cin abinci, ba gishiri mai yawa ba yaji, ba ta sake aure har abada, kuma ba a son ganin fuskarta a wurin biki don wai tana kawo rashin sa'a. Ta ce ba kowane gida ke yin haka ba, a birane ana ta bari, amma gidansu na masu riƙo ne. Ranar bikin Kamala ma ta tagar bene yayar ta leƙa. "Da kika nuna mini kogi," in ji ta, "ba shi kaɗai na gani ba. Ita na gani, na ga kaina a tagar."

Ina fassara wa Gwaggo Hassu, tana ta salati. Sai Kamala ta ce in tambaye ta, mu a nan yaya ake yi wa wadda mijinta ya mutu.

"Wata huɗu da kwana goma," in ji Gwaggo. "Ta yi wanka ta yi kitso, in ta samu mai so ta yi aurenta. Ni nan da kike gani maza biyu na rufe, Allah ya jiƙan su, ina gidan na uku."

Kamala ta sa na maimaita. Ta ce, kuma ana barinta ta je biki?

"Je biki? Ni ka wanke amaren. In ban zo ba, ba a kai ta."

Yadda na buɗe baki a bakin kogi, haka matar nan ta buɗe nata. Ta daɗe tana kallon Gwaggo Hassu, da jan bakinta na goro da zobba a yatsu, kamar ita ce fim ɗin. Daga baya ta ce za ta rubuta wa yayarta wannan, ko ba za ta yarda ba.

Da muka tashi tafiya ta ce in dakata. Ta shiga ta fito da ambulan, takardar da nake nema a wurin Dokta ce a ciki. Ta ce kwana goma tana fama da Dokta, shi ya ce yarinyar da ke aiki da abin da ba ta tambaya ba za ta kashe wani a ɗakin haihuwa, ita kuma ta ce wadda ta sha irin wannan kunyar ba za ta sake taɓa kowa ba sai ta tambaya. Ban miƙa hannu ba, don ban ga ta inda na cancanta ba. Sai ta durƙusa da kanta, ta kama bakin zanena, ta ƙulle ambulan ɗin a ciki tamau, ta ɗago ta dube ni.

"Wannan kam," in ji ta, "ki kai ta yau."

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina karɓar haihuwa, daga Yelwa har Wara da ƙauyukan Shanga, wurin Gungawa da Kambari da Fulani, kowa da abin da yake ɗaurawa a ƙugu ko a wuya. Ban taɓa cire wa mace ko zare ba sai na ce, "Wannan na mene ne?" Har ƙananan ma'aikata suna yi mini tsiya wai na cika tambaya.

Yanzu jikokina suna kallon finafinan Indiya a waya, da launi, har da fassarar Hausa, ba mai kiransu wankin tukwane. Wani lokaci sukan ce, "Kaka, an ce ke ce gwanar Indiya a da, zo ki gaya mana abin da zai faru." Sai in ce su mayar da shi farko tukuna, in ba haka ba ba ruwana. In kuwa na hango mata sun fara taruwa da farin yadi, sai in tashi in je duba tukunya.